Tambayar da Shu'aibu Bai Yi Ba

Shafi na 23

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, Shi ne Ya san abin da baki ya kasa faɗa.

Masu aiko mini da saƙo wai in yi sauri in ba Shu'aibu aikin nan kowa ya huta, na ji ku. Ba ni ke rabon aiki ba. Ku kuma yaran da ke rubuta wa kwamfuta umarni, kuna ganin a kanku aka fara shan wuyar intabiyu, ku gyara zama. Kafin kwamfutarku an yi injin kati, shi ma sai an tsara masa aiki yake motsi.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Shekarar 1958 ce, a Kaduna. Shu'aibu akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa da auduga. An rushe sashensu, an ce ƙarshen wata za a tura shi Yola, sai fa in ya ci intabiyun sabon ɗakin inji. Mahaifinsa, Malam Ahmadu maɗinki, ya tsufa, matarsa ta rasu, ba shi da wani ɗa namiji, kuma ya rantse ba zai bar zaurensa na Unguwar Sarki ya koma wani gari ba. In Shu'aibu ya faɗi, tsohon zai zauna shi kaɗai.

Ranar Litinin aka yi intabiyun. Bayan la'asar Shu'aibu ya shigo unguwa yana tura kekensa. Taya lafiya lau, sarƙa lafiya lau, amma bai hau ba. Matarsa Asma'u ta hango shi ta kafar zana, ta koma ta rage wutar murhu, don ta san yau ba mai cin tuwo da yawa.

A zaure ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Malam Ahmadu na zaune dab da bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, yana bin aikin ƙirjinta da allura.

"An dawo?"

"An dawo, Baba."

Iyakar maganar ke nan. Haka gidan yake tun fil azal. Uba bai ce yaya aka yi ba, ɗa bai ce ga yadda aka yi ba.

Asma'u kuwa ba a irin wannan gida ta tashi ba. 'Yar wani dillali ce a Kurmin Mashi, gidan da ko kaza ta shigo sai an tambaye ta daga ina. Shu'aibu kan yi mata tsiya cewa ta fi alƙali yawan tambaya. Ta ba shi ruwa, ta bari ya cire hula ya aje a gwiwa, sannan ta fara janyo maganar daga bakinsa kaɗan kaɗan, kamar mai zare ƙaya.

Ya ce mutum biyu ya tarar a ɗakin. Wani Bature mai lofe a baki, da babban akawun kamfanin, Malam Mamman, dattijo mai tabarau da furfura a gemu. A bayansu ga injin, dogo kamar kantar kanti, da aljihuna a jere inda kati ke faɗawa. A gefensa akwai wani allo mai ramuka da ake cusa wa wayoyi. Wayoyin nan su ne umarnin. Inda ka cusa, nan inji zai bi, ba ya ƙari ba ya ragi. Wanda za a ɗauka shi ne zai riƙa zama ya tsara inda kowace waya za ta shiga.

Suka tura masa wani ƙunshin kati mai huji-huji. Kowane kati mutum ɗaya ne daga cikin ma'aikata, an buga sunansa a sama, da garinsu, da shekarunsa, da aikinsa, da shekarar da aka ɗauke shi. Bature ya ce ya jera su bi da bi, sannan ya faɗi yadda zai sa inji ya yi irin jerin.

"Bi da bi ta ina?" in ji Asma'u.

Shu'aibu ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Abin da ban tambaya ba ke nan."

Ta ce to da bai tambaya ba, yaya ya yi? Ya ce ya jera su yadda ake rabon goro ranar suna. Alhazai a sama, sai masu furfura, sai malamai, sai magidanta, samari a ƙasa. Wuri ɗaya ne ya ba shi wuya, tsakanin Audu tsohon mai gadi, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da ɗingishi, da wani matashin akawu ɗan hakimi. Ya yi ta juya katin biyu a hannu har gumi ya keto masa, daga ƙarshe ya ɗora Audu a sama.

"Ai ka yi daidai," in ji ta.

"Bature ya ce ta yaya inji zai san Audu ya fi ɗan hakimi."

"Ka ce me?"

"Na ce ai kowa ya sani."

Asma'u ta ja gefen mayafinta ta toshe baki. Kafaɗunta ne suka tona ta. Shi ma ya yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba ta juye ta zama wani abu daban, ya sunkuyar da kai yana murza hular da ke gwiwarsa.

Ya ce abin da ya fi ci masa rai, Malam Mamman ya ba shi ƙofa. Dattijon ya tambaye shi da Hausa, a hankali, ko yana da wata tambaya. Ya ce babu, ranka ya daɗe. Ya sake tambayarsa, ya sake cewa babu. Alhali tambayar tana nan a maƙoshinsa kamar ƙashin kifi. Amma yaya za a yi mai furfura ya ba ka aiki ka mayar masa da tambaya, kamar kana cewa bai iya magana ba? Malam Mamman ya ƙura wa hular Shu'aibu ido na wani lokaci, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa da Baturen, aka ce ya dawo ranar Alhamis. Daga Alhamis babu wata Alhamis.

Bari in faɗi tawa a nan, wanda zai ji haushi ya ji. Ni ba na cikin masu zagin ladabi. Yaron da ba ya durƙusa wa babba, ko ruwa na ba shi ba da daɗin rai na ba shi ba. Amma wani shirun ba ladabi ba ne, tsoro ne ya ari rigar ladabi ya sa. Iyaye da yawa sun mutu ba su san wanne suka rena a gidansu ba.

Tsakanin ɗakin Shu'aibu da zaure bango ɗaya ne, bai ma kai rufi ba. Kunnen Malam Ahmadu kuwa ya ƙara kaifi a 'yan watannin nan, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

"Kai."

Haka yake kiransa. Ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita daga bakin tsohon ba. Shu'aibu ya mayar da hularsa, ya fito ya durƙusa.

"Kawo mini zare."

Kwandon zare na can ƙuryar zaure. Shu'aibu ya je ya tsaya a kansa. Ga fari, ga shuɗi, ga kore, ga baƙi, ga na tsamiya. Ya saci kallon rigar da ke cinyar uban, ya ga farin aiki ne, ya ɗauko fari ya miƙa da hannu biyu. Malam Ahmadu ya karɓa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya aje a gefe.

"Ba shi ba."

Ya koma ya ɗauko shuɗi. Ba shi ba. Ya kawo na tsamiya. Ba shi ba. Haka ya yi ta safa da marwa, magidanci da gemunsa, akawu mai buga tafireta da yatsu goma, har zaruruwa suka taru a gefen tabarma. Daga ƙarshe ya sungumo kwandon gaba ɗaya ya dire a gaban uban, ya koma ya durƙusa yana numfashi.

"Wanne na ce ka kawo?"

"Ba ka faɗa ba, Baba."

"To me ya hana ka tambaya?"

Wata akuya ta leƙo zauren ta wuce. Tsohon ya ce yana jira, kuma ba inda za shi sai masallaci.

"Kai ne, Baba."

Muryar ta fito 'yar ƙarama, kamar ba ta magidanci ba. Da ya ga sama ba ta faɗo ba, sai sauran ta biyo. Ya tuna masa wata rana yana ƙarami, yana zaune a wannan wurin yana koyon ɗinkin hula, ya tambayi me ya sa ake fara zanen daga tsakiya ba daga baki ba. Amsar da ya samu bayan almakashi ne a kan yatsu. Aka ce masa a sana'ar nan ba a tambaya, kallo ake yi. Mai ido ya gani, marar ido ya tashi ya ba mutane wuri. Tun daga ranar ya haɗiye tambaya. A makaranta bai yi ba, a ofis bai yi ba, har rashin lafiyar mahaifiyarsa bai tambayi me ke damunta ba sai da aka fito da makara.

Malam Ahmadu bai musa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ba irinsu ba ne. Ya ce haka ubansa ya koya masa a Zariya, kuma da haka ya ciyar da gida har ya sa ɗa a makarantar boko. Ɗinki ido ke koyonsa, in ka cika tambaya hannunka ba zai nuna ba.

"Amma injin nan naku, an ce ba shi da ido."

"Ba shi da shi, Baba."

"To marar ido ba a yi masa nuni. Gaya masa ake yi. Wanda zai gaya masa kuwa, dole ya fara sanin abin da ake so." Ya soke allurar a jikin rigar. "Tambaye ni."

"Me zan tambaya?"

"Ka ga ka fara. Ƙara wata. Kowace ce, yau na buɗe ƙofa."

Shu'aibu ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sauke shi a kan tabarma. A nan ya ga abin da ya daɗe yana gani yana kawar da kai. Kusa da gwiwar uban akwai wani guntun bargo, an soke allurai a jikinsa a jere, kowace da zarenta a zure, fari a farko, sai shuɗi, sai kore, har zuwa baƙi. Mutumin da ke zura zare a allura yana hira bai ko duba ba, yaushe ya fara buƙatar a jera masa? Ya tuna yadda tsohon ya yi ta matsowa bakin ƙofa wata bayan wata, yana bin haske. Ya tuna yadda ɗazu ya murza zaren da yatsu, bai ɗaga shi ya duba ba.

Sai ya cire hularsa. Uban ne ya ɗinka masa ita musamman don intabiyun nan, shuɗin aiki tun daga tsakiya har baki. Amma a gefen hagu, fure ɗaya ya fito kore shar. Ranar da aka ba shi ya gani. Ya ce na gode, ya sa a kansa.

"Baba."

"Ina ji."

"Kana ganina?"

A tsakar gida ƙarar murfin tukunya ta tsaya. Malam Ahmadu ya juyo da fuskarsa, amma ba daidai inda ɗan yake ba, ya ɗan kauce zuwa kafaɗa.

"Ina ganin farin rigarka. Fuskarka kuwa, rabona da ita tun kafin azumi."

Shu'aibu ya dafa ƙasa da hannu biyu. Tsohon ya ce kada ya soma yi masa kuka a zaure mutane na wucewa, yana ce ta rufe idon, ba mutuwa ba ce. Shu'aibu ya ce me ya sa bai faɗa ba? Ya ce wa zai faɗa wa, tunda ba wanda ya tambaya? Maɗinki ba ya fita titi ya yi shelar ya makance, masu riguna za su kwashe kayansu kafin la'asar.

"To alluran nan, wa ke jera maka?"

"'Yar mutanen Kurmin Mashi."

Ya ce ita ta fara ganewa. Wata safiya ta kawo masa kunu ta tarar yana ta fama da allura, zare na wucewa ta gefe. Ba ta ce komai ba, suruka ce, ko ido ba ta haɗawa da shi. Kashegari ta kawo kunun, ta durƙusa ta aje, ta juya masa baya kamar za ta fita, sai ta tsaya tana magana da bango. Ta ce ita dai da za ta jera allurai a bargo, ba ta san ko da fari ake farawa ko da shuɗi ba.

"Ka ce mata me, Baba?"

"Ni ma na gaya wa bangon cewa mai hankali da fari yake farawa."

Tun daga ranar, kullum da safe kafin Shu'aibu ya gama shirin ofis, bargon na nan a jere. In riga ta zo da sabon launi, Asma'u ta tambayi bango, bango ya ba ta amsa. Ranar hular ce kawai aka samu matsala, ta tafi Kurmin Mashi barka, shi kuma ya ƙi jira, ya laluba kwando da kansa.

"Kore ne ko?"

"Kore ne, Baba. Fure ɗaya."

"Na ji a jikina. Na yi ta jira ka zo ka ce, Baba, wannan fa? Kai kuwa na gode kawai ka ce."

Ya ce ya matso. Shu'aibu ya ja gwiwa ya matso. Tsohon ya ɗaga hannu, yatsun nan da allura ta mayar kamar fatar ƙirgi, ya aza a goshinsa, ya gangaro kan gira, ya bi kumatu, ya tsaya a haɓa.

"Gemun ya cika haka? Ba wanda ya gaya mini."

Ya bar hannun a wurin. Sannan a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba, ya ce, "Shu'aibu."

A bayan zana ludayi ya faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

Da aka kira magariba Shu'aibu ya miƙa hannu zai riƙe shi. Tsohon ya ture hannun, ya ce hanyar masallaci ƙafarsa ta haddace ta tun kafin a haifi wasu. Sai da suka fita ƙofa ya ƙara da cewa, in mutum ya ga dama ya yi tafiya kusa, ba a hana shi ba.

Kwanakin da suka rage kafin Alhamis, gidan Malam Ahmadu ya zama wata irin makaranta. Tsohon ya daina ba da umarni cikakke. Zai ce a je a gaishe masa da mutumin nan, ya yi shiru yana jira. In Shu'aibu ya miƙe zai fita, ya ce dawo, gidan wa za ka? Zai ce a sayo masa abin nan a kasuwa. Shu'aibu ya ce wanne, ya ce goro. Ya ce fari ko ja, ya ce fari. Ya ce na ci ne ko na kai wa wani, tsohon ya yi murmushi a cikin gemu ya ce yanzu aka fara magana. Da yamma ɗaya tambayoyin suka yi yawa har ya ce kai, ya isa, shi ɗa ya ce a gyara masa, ba a sake haifo masa Asma'u ta biyu ba. Daga tsakar gida aka ji wata murya tana gaya wa turmi cewa ita dai ba ta ce komai ba.

A wajen turmin ne kuma ta gaya wa mijinta abin da ta jiyo a gidansu, wai a birnin Ikko, can bakin teku, akwai likitocin da ke cire yana daga ido mutum ya koma gani. Shu'aibu ya ce Ikko ba nan kusa ba ce. Ta ce ai ba ta ce kusa ba ce, ta dai faɗa ne.

Ranar Alhamis da safe ta fito masa da wata hular, sabuwa, marar aibi. Ya ce ta mayar. Ya sa mai koren furen, ya juya furen ya dawo gaba.

Ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Bature da lofensa, Malam Mamman da tabaransa, inji a bayansu ya yi shiru. Aka turo masa ƙunshin katin nan dai, aka maimaita masa maganar nan dai, ba a ƙara ko kalma ba. Ya jera su bi da bi, ya faɗi yadda inji zai yi.

Shu'aibu ya ɗora hannu a kan katin. Ya dubi furfurar Malam Mamman, ya ji yatsunsa na yi masa zafi daidai inda almakashi ya taɓa sauka. Sai ya sunkuya, ya ce wa katin, shi dai da zai jera mutane, bai san ko da suna ake bi ko da shekarar ɗauka ba.

"Da katin kake magana ko da mu?" in ji Malam Mamman.

Shu'aibu ya ɗago kai.

"Da ku, ranka ya daɗe. Jerin nan, me za a yi da shi?"

Baturen ya cire lofe daga baki. Ya ce a ɗauka ana so a san waɗanda suka fi daɗewa a aiki, don a ba su hutu kafin saura. Shu'aibu ya ce to da shekarar ɗauka za a bi, mafi daɗewa a sama. Amma in mutum biyu shekara ɗaya aka ɗauke su, wa zai riga? Aka ce a bi suna. Ya ce akwai Audu Kano har biyu a cikin katin, ɗaya mai gadi ɗaya direba, inji zai ɗauka mutum ɗaya ne ko kuwa? Akwai kuma wanda ya bar aiki ya tafi yaƙi ya dawo, daga wace shekara za a lissafa masa, ta farko ko ta dawowa? Wanda kuma ba a huda masa shekara ba sam, a jefa shi aljihun ƙarshe ne ko inji ya tsaya a kira mutum?

Baturen ya dubi Malam Mamman. Ya ce maganar wanda ya je yaƙi, su kansu ba su yanke ba tukuna. Ya jawo allon wayoyin ya aje a gaban Shu'aibu, ya ce ya nuna. Shu'aibu ya nuna, waya bayan waya, inda bai gane ba ya tambaya, inda ya yi kuskure aka gyara masa ya ce to. Da aka kunna inji kati ya riƙa faɗawa aljihu kamar ana sheƙar hatsi. Da aka tattara, katin Audu mai gadi ne a sama.

Malam Mamman ya ce aiki ya zama nasa, ba maganar Yola kuma. Shu'aibu ya ji kamar an sauke masa buhun gyaɗa daga ka. Har ya fara hango kansa a kan keke yana shiga Unguwar Sarki yana kaɗa ƙararrawa.

"Sai dai akwai horo," in ji dattijon. "Masu injin a Ikko suke. Za ka je ka zauna da su har bayan damina. Jirgin ƙasa na ranar Asabar za ka bi."

Ɗakin ya yi masa duhu. Har bayan damina. Ya ga tsoho a bakin ƙofar zaure yana matsawa yana bin hasken da ke guje masa. Aikin da ya nema don ya zauna, shi ne zai ɗauke shi jibi.

Shu'aibun ranar Litinin da ya ce to, na gode, ya tashi ya tura kekensa har gida. Har ya dafa kujera zai miƙe. Sai ya koma ya zauna.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya."

"Wata kuma?"

"Da aka ce in tafi Ikko, ni kaɗai ake nufi, ko mutum zai iya tafiya da wanda ba ya gani? An ce akwai masu cire yana a can."

Malam Mamman ya cire tabaransa ya aje a kan tebur. Sannan ya kai hannu ya shafa aikin da ke ƙirjin rigarsa, tsohon aiki, farin ya fara komawa ruwan madara, amma ko zare ɗaya bai tashi ba.

"Ahmadu ne ya yi mini wannan, shekarar da na zo Kaduna. Tun ranar Litinin na gane hannunsa a hularka. Na kuma ga koren. Ahmadu ba ya kuskuren launi." Ya goge idonsa da bayan hannu. "Ashe abin ya kai haka."

"Ya kai, ranka ya daɗe."

"Amsar tambayarka ba a wurina take ba. Ga mai ita nan. Ba kuma zan yi maka tafinta ba, da bakinka za ka yi."

Shu'aibu ya juya ya fuskanci Baturen. Ya haɗa Turancinsa wuri ɗaya, ya faɗi komai, da zauren, da yanar, da bargon allurai. Bai tsaya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Baturen ya saurara har ƙarshe. Ya ƙwanƙwasa lofensa a bakin tebur, toka ta zube. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Mutum nawa?" ya tambaya.

"Uku. Da ni, da shi, da mai zura masa zare."

Baturen ya dubi koren furen da ke goshin Shu'aibu. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki tarho, ya ce a haɗa shi da masu injin a Ikko.